Rajistar Aikin Makarantarmu ta Rawar Ƙugu

11 ga Fabrairu, 2023

Yau aka buɗe ajin farko a ɗakin da muka kama haya, kuma na ƙuduri aniyar rubuta duk wani muhimmin abu da ya faru a makarantar nan, domin duk wadda za ta koyar a bayana ta san dalilin kowace doka da ta tarar. Matan da suka zo ba su cika goma ba, mafi yawansu kuwa ba su taɓa shiga ajin rawa ba. Ɗakin yana da madubi a bango guda, amma daɓensa siminti ne, wanda hakan ya sa muka shimfiɗa katako a kansa kafin a fara, saboda wannan rawa ana yin ta ne ba takalmi, kuma gwiwa da idon sawu ba sa jure dogon atisaye a kan daɓe mai tauri.

Salon da za mu koyar shi ne na Masar, wato raƙs sharƙi (rawar dandamali) da kuma baladi, wanda shi ne tushensa na cikin gida. Dokoki uku muka kafa: aji na mata ne zalla, ba a ɗaukar hoto ko bidiyo a cikinsa, kuma ba a tilasta wa kowa buɗe cikinta. Gyale ɗaya da za a ɗaura a ƙugu ya wadatar, tun da amfaninsa shi ne malama ta ga inda motsi ya tashi da inda ya tsaya.

Darasin yau gaba ɗaya a kan tsayuwa ya ƙare. Ƙafafu su daidaita da faɗin ƙugu, gwiwoyi su ɗan saki ba tare da an ƙame su ba, ƙasan ciki ya riƙe kwankwaso don kada baya ya lanƙwashe, ƙirji ya ɗaga, kafaɗu su sauka. Na ga alamar gundura a fuskokin wasu, domin sun zo ne da tsammanin za su koma gida suna karkaɗa ƙugu, amma wadda ba ta iya tsayuwa ba, ciwon baya kawai za ta kwasa daga karkaɗawar.

25 ga Maris, 2023

Ɗaliban sun kama motsi na asali fiye da yadda na zata: zame ƙugu dama da hagu, ɗaga shi da sauke shi, zagaye, da siffar lamba takwas ta kwance da ta tsaye. Matsalar da ta bayyana ta fi wannan girma. Suna rawa ne da lissafi, suna ƙirga ɗaya zuwa takwas a zuci, kiɗan kuwa yana can yana tafiyarsa kamar ba domin su ake yi ba. Idan na kashe lasifika, babu abin da yake canzawa a jikinsu, kuma wannan shi ne babban abin da ya dame ni, domin a wannan fasaha mai rawa aikinta shi ne ta nuna wa ido abin da kunne yake ji.

Saboda haka daga yau rubu'in sa'a na farkon kowane aji na sauraro ne, a zaune, ba wadda za ta miƙe. Gangar darbuka, wadda Misrawa ke kira tabla, amo biyu ne ginshiƙinta: dum, mai nauyi, daga tsakiyar fata, da tak, mai kaifi, daga bakinta. Da waɗannan biyun aka gina kiɗe-kiɗen da za su yi ta haɗuwa da su. Maƙsum shi ne dum tak, tak dum, tak. Kiɗan baladi, mai suna ɗaya da salon rawar, yana buɗewa da dum biyu: dum dum, tak dum, tak. Sa'idi kuwa, kiɗan kudancin Masar, a tsakiya yake ajiye dum ɗinsa biyu: dum tak, dum dum, tak. Dukkansu tsawonsu ɗaya ne, bugu huɗu, amma inda nauyin ya faɗa shi ne yake sauya halin rawar baki ɗaya. Sa'idi yana jan mutum zuwa ƙasa sannan ya cilla shi sama, baladi yana zaunar da ƙugu, maƙsum kuma yana tafiya da shi gaba.

Na sa su tafa dum a cinya, tak a tafin hannu, suna faɗa da baki. Wata daga cikinsu ta ce, "Malama, ni rawa na zo koyo, ba kiɗa ba." Na amsa mata cewa ta ba ni wata biyu, idan ba ta ga bambanci ba za mu sake magana.

6 ga Mayu, 2023

Wasu sun daina zuwa, wasu sababbi sun shigo, kusan dukkan sababbin kuwa ƙawaye ne ko 'yan'uwan waɗanda suka riga su, domin ba mu yi talla a ko'ina ba. Na lura madubi yana cutar da wasu: maimakon su duba motsi, sai su tsaya duba jikinsu suna ƙyamar abin da suka gani. Mun sa labule, kuma yanzu ana buɗe madubi ne kawai a lokacin gyaran motsi, a rufe shi idan an zo rawa da kiɗa.

15 ga Yuli, 2023

Mun keɓe yammacin yau ga tarihi, saboda tambayar da ta fi yawan zuwa mini ba ta shafi gwiwa ko ƙugu ba. Tambayar ita ce, me zan ce wa mutanen gida idan suka tambaye ni abin da nake koyo? Ra'ayina shi ne a gaya wa ɗalibai gaskiyar tarihin, mai daɗi da marar daɗi, su da kansu su yanke abin da za su ce.

Na fara da rawar gida, wadda matan Masar suke yi a tsakaninsu a bukukuwan aure da na haihuwa, ba malama, ba dandamali, yarinya tana koya daga kallon iyayenta. Daga nan na bambance musu rukuni biyu na masu sana'a a ƙarni na 19. Akwai awalim, mata masu ilimin waƙa da kiɗa da ake gayyata sashen mata na manyan gidaje, akwai kuma gawazi, masu rawa a fili da tituna da wuraren taro. A shekarar 1834 gwamnatin Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ta haramta rawar mata a bainar jama'a a Alƙahira, abin da ya tura da yawansu kudu, zuwa garuruwa irin su Isna, kuma har zuwa zamaninmu iyalin Mazin na garin Luksor sun riƙe wannan gado. Sannan na ba su labarin baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, inda aka kai masu rawa daga Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, aka tallata su ga Amurkawa a matsayin abin ban mamaki da ban kunya. Yawancin mummunar fahimtar da rawar nan take fama da ita a wajen ƙasashenta daga irin wannan talla ta samo asali.

Rawar dandamali da muka sani a yau kuwa a gidajen wasa na Alƙahira ta ginu. Badi'a Masabni, wadda aka haifa a Dimashƙa, ta buɗe gidan wasanta a titin Imaduddin a 1926, kuma a irin wannan wuri ne rawar da ake yi a tsaye a waje guda ta koyi cin fili, ta ɗaga hannuwa sama, ta samu babbar ƙungiyar makaɗa da tufafin ado. Tahiyya Kariyoka da Samiya Jamal duk ta hannunta suka biyo kafin su zama taurarin finafinan Masar. Na nuna musu gajerun hotunan bidiyo na su biyun a jere, domin su ga cewa ko a zamani ɗaya ba hanya guda ake bi ba: Tahiyya tana iya cika waƙa da ƙananan motsi ba tare da ta bar inda take tsaye ba, Samiya kuma tana yawo da juyi da mayafi. A ƙarshe muka zo kan Mahmud Rida, ɗan wasan motsa jiki da ya wakilci Masar a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta rawa a 1959 tare da ɗan'uwansa Ali da Farida Fahmi. Ya zagaya yankunan ƙasar yana nazarin raye-rayen jama'a, sannan ya sake tsara su domin dandamali, ya sa iyalai masu ji da mutunci suka fara zuwa kallon rawa. Na jaddada musu cewa abin da ya tsara fasaha ce ta gidan wasa, ba ainihin abin da ake yi a ƙauyuka ba, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye hakan ba.

Ban rufe musu cewa a Masar ɗin kanta mutane suna son rawar amma da yawa ba sa son 'yarsu ta zama mai yin ta don kuɗi ba, kuma mai sana'ar sai ta samu lasisi kafin ta hau dandamali. An daɗe ana muhawara bayan na gama, har lokacin tashi ya wuce, kuma wannan ne karo na farko da na ga sun zauna suna magana da juna ba ta hanyata ba.

9 ga Satumba, 2023

An raba aji biyu, na masu farawa da na waɗanda suka yi zango biyu. Rabon bai zo da sauƙi ba, domin wasu sun ɗauka cewa daɗewa ce take ɗaga mutum. Ma'aunin da na sa shi ne abu biyu: ɗaliba ta iya karkaɗa ƙugu daga gwiwoyi na tsawon waƙa ba tare da kafaɗunta sun ɗauki rawar ba, kuma ta iya bambance maƙsum da baladi da sa'idi da kunne, ba tare da an gaya mata ba. Wadda ta ce rawa ta zo koyo ba kiɗa ba tana cikin waɗanda suka haye, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

A aji na biyu mun shigo da sagat, ƙananan faya-fayan tagulla huɗu da ake ɗaurawa a babban yatsa da na tsakiya na kowane hannu. Ƙa'idata ita ce ba a koyon su a zaune. Tun daga ranar farko ana buga su ne ana tafiya, domin wadda ta saba da su a zaune, da zarar ta miƙe sai ko dai hannu ya tsaya ko ƙafa ta tsaya. Maƙwabtan ɗakin sun kawo ƙorafi kan ƙarar, sai muka ɗinka wa faya-fayan 'yan riguna na ulu don atisaye.

2 ga Disamba, 2023

Daren jiya muka yi haflar farko, wato taron rawa na ɗalibai da baƙinsu. Mata ne kaɗai aka gayyata, kowace ɗaliba da mutum biyu ko uku nata, kuma an karɓi wayoyi a bakin ƙofa an ajiye. Wannan doka ta jawo gunaguni kafin taron, amma ita ce ta sa matan da ba su taɓa yarda su yi rawa a gaban kowa ba suka fito. Mutum ɗaya muka ba izinin ɗaukar bidiyo, kuma kowace mai rawa ita kaɗai aka ba nata.

Abin da ya fi jan hankalina ba rawar ba ne, shirye-shiryen ne. Ban nemi kowa ta sayi bedla ba, wato rigar dandamali mai duwatsu da ɗamara, domin tsadarta za ta raba ɗalibai gida biyu. Sai ga shi wata mai sana'ar ɗinki a cikinsu ta tara sauran a gidanta suka yi dogayen rigunan baladi, wata ta kawo akwatin gyaluluwa ta ce duk mai so ta ara, wata ta ɗauki nauyin kula da yaran masu rawa a ɗaki na gefe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da na tsara. Akwatin aron ya zauna a makaranta, kuma an sa masa littafin da ake rubuta abin da aka ɗauka da ranar da za a dawo da shi.

Ta fuskar fasaha akwai sauran aiki. Hannuwa suna mutuwa da zarar ƙugu ya shiga aiki mai wuya, idanu suna kafe a ƙasa, kuma kusan kowa tana gaggawa, tana cusa motsi a kowane bugu kamar tsayawa laifi ne.

17 ga Fabrairu, 2024

Shekara guda ke nan da 'yan kwanaki. Babban abin da ya faru a wannan zango shi ne zuwan makaɗin darbuka. Tun da namiji ne, sai da aka tattauna, kuma shawarar da ɗalibai suka yanke ita ce ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata, a ranar da aka sanar tun da wuri, wadda ba ta so kuma ba a rubuta mata fashi.

Kiɗan da ake bugawa a gabanka ya tona abin da faifai yake rufewa. Ɗalibar da ta haddace waƙa tana iya yin kamar tana sauraro alhali tuni ta san abin da zai zo, amma makaɗi yana iya jinkirtawa, ya hanzarta, ya yi shiru, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Ya bayyana musu al'adar da makaɗa da yawa suke bi a kiɗan ganga zalla, ta maimaita jimla sau huɗu: a karo na farko mai rawa ta ji, a na biyu da na uku ta amsa, a na huɗu kuma ta sa ran za a ɗan karkata ko a rufe. Da suka fahimci wannan sai tsoron rawa ba shiri ya ragu ƙwarai, domin sun gane cewa makaɗi ba tarko yake ɗana musu ba, hanya yake nuna musu. Ya kuma ƙara musu malfuf, mai saurin nan da ake shiga fili da fita da shi, da ayyub, da masmudi babba mai bugu takwas.

Daga nan muka shiga abin da nake ganin shi ne zuciyar salon Masar, wato taƙsim na baladi, kiɗan da makaɗi yake ƙirƙira nan take ba tare da shiri ba. Yana farawa ne da akodiyon ita kaɗai, ba ganga, kuma akodiyon ɗin da Misrawa suke amfani da ita an gyara ta ne don ta fitar da rubu'in sautin da maƙamai, wato tsare-tsaren sautin kiɗan Larabawa, irin su bayati da rast da saba suke buƙata. A wannan sashe mai rawa ba ta da bugun da za ta jingina da shi, sai dogon numfashin kayan kiɗan, wanda take bi da lanƙwasar ciki da zagayen ƙugu a hankali. Sannan ganga ta fara sa baki kaɗan-kaɗan, tana tambaya akodiyon tana amsawa, har kiɗan ya zauna, ya yi ta hawa zuwa sauri. Duk tafiyar tana iya ɗaukar minti biyar ko fiye, kuma wadda ta zubar da duk abin da ta iya a minti na farko ba ta da abin da za ta bayar a na ƙarshe. Na hana su motsa ƙafa a sashen farko gaba ɗaya. Wata dattijuwa da ta fi kowa shekaru a ajin, wadda ba ta iya juyi saboda jiri, ita ce ta fi kowa yin kyau a wannan darasi, kuma 'yan matan sun ga hakan da idonsu ba sai na faɗa ba.

20 ga Afrilu, 2024

Yawan ɗalibai ya kawo masu buƙatu dabam-dabam: masu juna biyu, masu jego, masu ciwon gwiwa, da waɗanda suka haura sittin. Mun ƙara tambayoyin lafiya a takardar rajista, kuma mai juna biyu ko wadda aka yi wa tiyata sai ta kawo amincewar likitanta. Lanƙwasawa ta baya da sauka ƙasa a kan gwiwa an cire su daga manhajar masu farawa.

Wata ta kawo shawarar mu rubuta a takardar sanarwa cewa rawar tana narkar da tumbi kuma tana sauƙaƙa haihuwa, tun da wasu makarantu haka suke yi. Na ƙi. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne motsa jiki ne marar dukan gaɓoɓi, yana ƙarfafa tsokokin ciki da na baya da na cinya, yana gyara tsayuwa. Alkawarin da ya wuce wannan na likita ne, ba na malamar rawa ba.

22 ga Yuni, 2024

Wata sabuwar ɗaliba da ta yi shekaru tana koyon salon Amurka ta shigo, kuma zuwanta ya tayar da muhawarar da ta kusa raba aji na biyu. Salon nata ya samo asali ne daga Kalifoniya, inda Jamila Salimpour ta kafa ƙungiyar Bal Anat a 1968, daga baya kuma Carolena Nericcio ta kafa FatChanceBellyDance a San Faransisko a 1987, ta gina tsarin da mata da yawa suke rawa tare ba tare da shiri ba, jagora tana ba da alama da hannu ko da juyin kai, saura suna bi. 'Yan matan ajin sun ƙyasa, suka nemi a riƙa koyar da shi. Wasu kuma suka ce wannan ba rawar Masar ba ce, kada a gurɓata mana manhaja.

Matsayina shi ne dukkansu suna da gaskiya a wani ɓangare. Salon fasaha ne mai tsari, kuma yana koyar da kallon abokiyar rawa fiye da duk abin da nake koyarwa. Amma haɗe-haɗe ne da aka yi a Amurka daga tufafi da motsin ƙasashe da yawa, kuma laifin yana zuwa ne idan aka gabatar da shi a matsayin tsohuwar al'adar wata ƙabila. Mun ba ta sa'a guda a mako, da sunan salon a rubuce a jadawali, kuma sharaɗin shiga shi ne a gama zango biyu na asali. Haka za mu yi da salon Turkiyya idan mun samu mai koyarwa, domin kiɗansa na karshilama mai bugu tara, biyu-biyu-biyu-uku, ba abin da zan koyar da rabin sani ba ne.

A wannan watan ne kuma muka fara rawar sanda. Kafin kowa ta taɓa sandar, na nuna musu tahtib, wasan sanda na mazan kudancin Masar, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na bil'adama a 2016, domin su ga abin da rawar matan take kwaikwayo cikin wasa da tsokana. Rufin ɗakinmu gajere ne, fitila ɗaya ta riga ta tafi.

14 ga Satumba, 2024

Mun koma sabon ɗaki mai faɗi da dogon rufi da wurin sauya kaya. Ɗalibai ne suka kwashe katakon daɓen suka sake shimfiɗa shi. Ajujuwa yanzu sun zama mataki uku, ban da sa'ar salon Amurka, kuma ba zan iya ɗaukarsu ni kaɗai ba, don haka ɗalibai biyu daga rukunin farko sun fara koyar da masu farawa a ƙarƙashin kulawata. Sharaɗin da na gindaya musu shi ne rubu'in sa'ar sauraro ba ya taɓuwa, ko da aji ya makara, ko da sababbi sun yi ƙorafi. Na zauna a ajin ɗayarsu a makon jiya, na ji tana bayyana bambancin baladi da sa'idi da misalin da ban taɓa tunaninsa ba, tana sa su taka dum da diddige.

An kafa kwamitin mutum biyar da zai kula da hafla, akwatin aro, da wani ƙaramin asusu da ɗalibai suka buɗe da kansu don biya wa wadda ta shiga matsi kuɗin zango, ba tare da an bayyana sunanta ba. Ni ba na cikin kwamitin, kuma da gangan ne. Girman yana da nasa farashi: matan rukunin farko suna cewa yanzu ba su san sunan kowa ba, kuma rukunin WhatsApp ya cika da abubuwan da ba su shafi rawa ba har sanarwa tana ɓacewa. An raba shi biyu, ɗaya na sanarwa, ɗaya na hira. Game da sanin juna kuwa, an amince a riƙa yin zaman rawa na kowa da kowa a ƙarshen kowane wata, ba darasi, ba mataki, a yi da'ira kowa ta shiga tsakiya idan ta ga dama.

Labari mafi daɗi shi ne ɗaya daga cikin ɗalibanmu ta sayi darbuka tun watan Maris tana ɗaukar darasi a wurin makaɗinmu, kuma yanzu tana iya riƙe maƙsum da baladi da sa'idi ba tare da ta hanzarta bugun ba. Hakan na nufin matan da ba sa zuwa ranar makaɗi sun samu kiɗan hannu a karo na farko.

23 ga Nuwamba, 2024

Masu shirya wani bikin raye-rayen ƙasashe sun gayyace mu mu yi minti goma sha biyu a dandamali a watan Maris mai zuwa, a gaban jama'a maza da mata, kuma za a ɗauki bidiyo. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba, don haka kwamiti ya kira taron kowa da kowa. An yi magana mai zafi. Wasu suna ganin lokaci ya yi da za a nuna wa mutane cewa abin da muke yi fasaha ce mai tarihi, wasu kuma suna tsoron cewa da zarar makaranta ta fara fita, za a fara auna kowace ɗaliba da ma'aunin dandamali, waɗanda suka zo don kansu kuma su zama 'yan rakiya.

Abin da aka tsayar shi ne za a karɓi gayyatar, amma da sharuɗɗa. Masu fita su ne waɗanda suka sa kansu kawai, atisayensu ba zai ci lokacin aji ba, sunan kowa ba zai fito a takardar shiri ba sai da izininta, kuma dokar hana ɗaukar hoto a cikin makaranta tana nan yadda take. Mun kuma nemi masu bikin su ba mu minti ɗaya kafin kowace rawa don a faɗi daga ina ta fito, sun kuma amince.

Shirin zai kasance kashi uku: rawar sanda ta rukuni da kiɗan sa'idi, taƙsim na baladi na mutum ɗaya, da kiɗan ganga zalla. Wasu sun so a sa waƙar Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, ganin yadda 'yar rawa Suhair Zaki ta yi suna da rawa da waƙoƙinta, amma na ce a dakata. Waƙoƙin nan dogaye ne, kalmominsu na bege da rabuwa ne, kuma masu sauraron da suka san su suna jiran su ga ma'anar a fuskar mai rawa, don haka wadda ba ta san abin da baitin yake cewa ba tana iya yin murmushi a inda ake kuka. Daga watan Janairu aji na uku zai fara zaman fassarar baitoci tare da wata ɗalibarmu mai jin Larabci, waƙa ɗaya a zango.

Abubuwan da suka rage kafin hutun ƙarshen shekara su ne a tabbatar da izinin amfani da kiɗan da za a sa a bikin, a auna faɗin dandamalin don a san ko sanduna takwas za su juya ba tare da sun haɗu ba, a kuma yanke wadda za ta yi taƙsim. Mutum uku suka nuna sha'awa, cikinsu har da dattijuwar nan, kuma za a saurare su ranar 7 ga Disamba, da makaɗi, da kiɗan da babu wadda aka gaya wa tun da wuri.